Lambar da Ta Ƙi Hawa

Salahuddeen ya fasa wa Uzairu baki a gaban mutane, sannan ya ja shi caji ofis ya ce ɓarawo ne.

Sufeto Jibrilla ya tarar da su a gaban kanta. Salahuddeen yana da shagon wasannin kwamfuta a Arawa. Uzairu mai gyara ne, magidanci da 'ya'yansa, shi yake duba injunan shagon tun buɗe shi. Jini ya ɓata masa gaban riga.

"Me ya sata?" in ji Sufeto.

"Katin hoto, Yallaɓai."

"Katin me?"

"Wani abu ne a cikin kwamfuta, shi yake zana duk abin da ake gani a wasa. In mai ƙarfi ne, wasa ya tafi sumul. In rago ne, ya riƙa ɗingishi."

Sufeto ya bar shi ya zuba. Ashe Salahuddeen da abokin hamayyarsa Mudathir sun daɗe suna musun katin wa ya fi. Ranar Asabar aka jera kwamfutocinsu gefe da gefe, aka kunna wasa ɗaya mai nauyi, aka ƙure ingancin hoto da komai. A kusurwar allo akwai lamba mai nuna saurin kati.

Salahuddeen ya ce, "Tawa kullum tana wuce ɗari. Ranar nan ta kasa kai arba'in. Ana ta dariya, ana ɗaukata a waya. Da na buɗe sai na ga ba katina ba ne, ƙaninsa ne aka liƙa mini. Wannan mutumin ne ya share injin ranar Alhamis, daga nan na rufe shi da ƙyalle, ba wanda ya sake taɓawa."

"Ƙura na hure, ranka ya daɗe," in ji Uzairu. "Ko noti ɗaya ban kwance ba. In aka ce ina satar kayan mutane, wa zai ƙara kawo mini aiki a garin nan?"

Ran Sufeto ya ɓaci. Manya da gemu, a kan wasa. Amma ƙara ƙara ce. Ya sa aka wuce da Uzairu bayan kanta, shi kuma ya nufi GRA wurin Mudathir.

Mudathir ya tarbe shi yana murmushi. Ya buɗe kwamfutarsa, ya kawo kwalin da katin ya zo a ciki. Katin nasa ne, ba tantama.

"An ce ka daɗe kana gudun gwajin nan," in ji Sufeto.

"Ni? Jiran lokaci nake."

"Sai ranar Juma'a da yamma ka hau kiran mutane su zo kallo. Me ya faru ranar Juma'a?"

"Ji na yi a jikina zan ci."

"Jikinka ya san abin da ke cikin injin wani?"

Murmushin ya tafi. Mudathir ya rantse ba wanda ya gaya masa komai. Sufeto bai ce ya rantse ba. Ya ɗauki hularsa ya fita.

A shagon Arawa ya ce a kunna wasan yadda aka kunna shi ranar. Sojoji suka cika allo, gari yana ci da wuta. Lambar ta tsaya a talatin da wani abu, ta hau kaɗan, ta faɗo. Sojan da ke gudu sai ya daskare, ya zabura, ya sake daskarewa.

"Ka gani ko?" in ji Salahuddeen. "Abin da aka yi mini ke nan."

"Yi mini shiru."

Fankokin katin sun fara kuka. Iska mai zafi tana fita ta bayan injin. Sufeto ya sunkuya, ya ja numfashi, ya ƙara ja. Shagon warin zufa yake da hayaƙin janareta. Wannan iskar kuwa ƙamshin turaren wuta take, irin na ɗakin mata, wanda ya daɗe yana kama labule.

"Wa yake turare a nan?"

"Ba kowa."

"A rumfar Uzairu fa?"

"Can sai ƙaurin dalma."

"To fanka ba ta zaɓe. Iskar ɗakin da ta zauna take sha, in ta yi zafi ta amayar. Wa yake riƙe makullin shagon nan?"

"Ni kaɗai."

"Da shi kake zuwa masallacin Juma'a?"

"A falo nake rataye shi."

"A gidanku wa yake turare?"

Sai da Sufeto ya buga tebur sannan Salahuddeen ya ce ƙanwarsa Bashira tana haɗawa tana sayarwa.

Sufeto ya ɗauki Kofur Margaret suka tafi gidan su Salahuddeen a Barunde, Salahuddeen yana biye. Ɗakin Bashira cike yake da kwalabe da kasko. A lungu ga kwamfuta an rufe da ɗankwali.

"Ta mece ce wannan?"

"Fim nake kallo, Yallaɓai."

"Kin taɓa shiga shagon yayanki?"

"Me zai kai ni cikin maza?"

"Kunna."

Ta kunna. Wasan nan na sojoji yana nan a kan allo. Sufeto ya nuna shi da yatsa. Ta tsaya kallonsa, sannan ta danna. Gari ya kama da wuta, soja ya sheƙa ba tuntuɓe. Lambar ta haye ɗari ta zauna.

"Fim ɗin naki yana da sauri," in ji Sufeto.

"Bashira," in ji Salahuddeen. "Ke?"

Ta juyo kansa, idonta jajur.

"Ni ce, Hamma. Sai me? Wa yake gwada maka katunan da kake fahariya da su? Ni nake zama in kunna wasa bayan wasa, in gano wanda ya fi jure zafi, wanda yake faɗuwa in an ƙure shi. Kai sai ka ɗora muryarka a bidiyo, a ce Salahuddeen gwani. Na ce ka bar ni in gwada sabon sau ɗaya, ka ce mace da wasan kwamfuta abin kunya ne, ka jefo mini tsohon. Ranar Juma'a kana masallaci na je na mayar maka da abinka. Ni na ce wa Mudathir ya yarda a yi gwajin. So nake a yi maka dariya, an kuwa yi."

"Uzairu fa?" in ji Sufeto. "Kin ji an dake shi. Kin ji yana tsare. Kika zauna kina harbin sojoji."

Ta sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, maganar gida ce," in ji Salahuddeen. "A bar ta a nan."

"Da kana zaton talaka ne ba ka ce maganar gida ba ce. Kofur, tafi da ita. A ɗauko injin."

Margaret ta kama hannunta suka fita.

A ofis aka fito da Uzairu, leɓensa a kumbure. Sufeto ya gaya masa wadda ta ɗauki katin, ya ce ya tafi gida, ba shi da laifi. Salahuddeen ya tare shi a bakin ƙofa, ya sassauta murya.

"Malam Uzairu, na yi kuskure. Amma yarinya ce, ga masu nemanta. In an tambaye ka, ka ce rashin fahimta aka samu, kati ya dawo. Kada sunanta ya fita. Ka rufa mana asiri."

Uzairu ya dube shi.

"Duk Arawa an ji ka kira ni ɓarawo. In ban faɗi wanda ya ɗauka ba, ni ne dai."

"Don Allah."

"Ba zan rufa ba."