Robar Fitsarin Baba

“Me wannan makaniken yake yi a ɗakina?” Abin da Baba ya fara tambaya ke nan da ya buɗe ido a gadon asibiti.

Shekara biyu Baba yana hana ni auren Makanike. Wai mutumin da baƙin mai bai taɓa fita daga farcensa ba ƙazami ne. Ni kuwa ina sonsa kamar raina.

Amai da gudawa suka kwantar da Baba, a kwana na uku ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya. Likita ta ja ni gefe ta ce duk fitsarin da ya yi a bar shi cikin robar awo, nas za ta zo ta duba. In bai ƙaru ba zuwa Alhamis, sai wankin ƙoda. Na yi kuka har na gode Allah, kuma a ruɗe na manta ban gaya wa kowa maganar robar ba.

Makanike ya rufe garejinsa ya tare a wurin jinya. Ya samu damar nuna tsafta, ai kuwa ya nuna. Baba na gama fitsari zai sure robar, ya zubar, ya wanke ta da sabulu har sau uku. Nas ta zo ta tarar da roba tana ƙyalli, ta rubuta babu ko ɗigo.

Ran Alhamis likita ta shigo tana juya takardu. Ta ce gwajin jini ya yi kyau, amma fitsari shiru kwana biyu. Ta fara zancen injin wankin ƙoda.

“Wane irin shiru?” in ji Baba. “Ni da nake cika robar nan kamar famfo!”

Duk muka juya. Ga Makanike a bakin ƙofa, roba a hannu, kumfa har gwiwar hannu.

“Baba... na ga bai dace a bar ta da datti ba ne.”

Likita ta yi dariya har da hawaye, ta ce ƙoda ta farfaɗo. Ni dai kunya kamar in nutse, na ce shi ke nan, aure ya sha ruwa.

Baba ya daɗe yana kallon hannayen nan. Sannan ya ce da ni, “'Ya'yan cikina ma toshe hanci suke yi. Ki ce ya turo manyansa... amma ya ajiye robar nan tukuna.”