Makaɗin da Ya Ƙi Naɗe Fis

A wani gari can, an yi wani makaɗin jita mai natsuwa. Ran nan yana tsakar kiɗa a gidan suna, sai akwatinsa na ƙara sauti ya yi shiru. Ya zare wayar daga soket, ya dakata, sannan ya ciro fis ɗin, wato ɗan abin nan da ke katse wuta idan ta yi yawa. Ashe ya ƙone.

Maigidan ya ce, "Malam, naɗe shi da waya mana, haka kowa ke yi."

Makaɗi ya ce, "Sai irinsa, Alhaji."

Jama'a suka matsa masa, ya ce, "Sai irinsa."

Ya taka har kasuwa, ya samo mai lamba iri ɗaya. Yana kunnawa, wannan ma ya ƙone. Ya ba mutane haƙuri, suka watse suna tsaki.

Washegari wani tsoho mai gyaran rediyo ya buɗe akwatin, ya ga wayar wuta ta tsinke tana taɓa ƙarfen da ke haɗe da jitar. Ya daɗe yana duban yatsun makaɗin, sannan ya ce, "Ɗana, da ka naɗe shi, da jiya an yi suna da jana'iza a gida ɗaya."