Muryar Da Ya Ce A Goge

"Ki goge."

Abin da ta fara ce mini ke nan, ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba.

Ranar sadakar uku ce. Na shiga gidan Malam Hamisu da ke Maƙarfi cikin dogon hijabi da niƙabi, wai ni a dole na ɓuya. Ni Mukarrama 'yar Taba, mawaƙiyar da duk Asabar fuskarta ke cikin talabijin ɗin mutane, ni ce zan ɓuya a tsakar gida cike da mata? Tafiyata kaɗai ta tona ni. Inna Mairo, mahaifiyar marigayi Ukasha, ta kama wuyan hannuna ta ja ni ɗakinta, ta saki labule.

"Inna... me zan goge?"

"Kin sani. Muryar yaron nan, duk inda take."

Ba ta kama sunansa ba. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi sunan bai taɓa fita daga bakinta ba.

Bakina ya fi ni sauri, halina ne tun ina yarinya.

"Malam ne ya aiko ki? Yana da rai kun raba mu, yanzu ya tafi, ɗan abin da ya rage mini ma sai kun ƙwace?"

Ba ta yi fushi ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi.

"Ba Malam ba ne, 'yar nan. Shi ya ce. A cikin mota, kafin mu kai Zariya, kansa yana kan cinyata. Ya ce yana tsoron a riƙa kunna shi yana kwance a kabari."

"Ban yarda ba!"

"Ya ce ba za ki yarda ba." Ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta. "Ya ce in ce miki... Mazarƙwaila, ya roƙe ki."

Na zauna a ƙasa a gaban gadonta.

Duk duniya mutum ɗaya ne yake kirana da wannan suna.

*

Shekara shida da suka wuce na fara ganinsa, a wani ɗan situdiyo da ke bayan tashar Ikara, ɗakin da ko mutum uku ba ya ɗauka. Na sauka daga acaɓa da waƙata a takarda da girman kaina a ka. A ƙauyenmu Taba ai ba bikin da ake yi ban rera ba.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya cire abin kunnensa.

"Muryarki kamar mazarƙwaila," in ji shi.

Na fara washe baki.

"Zaƙi ya yi yawa, ga tsakuwa a ciki. Sai an tace."

"Kai kuma wa ya tambaye ka?"

"Ke kika biya kuɗin awa, Hajiya."

Na fita a fusace na ce ba zan dawo ba. Washegari ƙarfe tara ina ƙofar.

Ukasha ɗan malami ne, gidansu gidan karatu da noman rake. A gida sun san yana gyaran waya a Ikara, ba wanda ya san shi ne mai muryar namijin da ke amsa mini a waƙoƙina. A bidiyo wani ɗan wasa ake sakawa yana motsa baki. Waƙa goma sha biyu na fitar, tara da muryarsa. Su suka kai ni Kaduna, su suka sa wani gidan talabijin ya ba ni shirina, Tabarmar Mukarrama, inda nake zaunar da manyan baƙi a ƙasa ina tsokanarsu.

Duk daɗin Kaduna, Lahadi tana yi sai Ikara.

"Ɗan Malam, yaushe za ka turo?" na tambaye shi wata rana.

"Ranar da na iya kallon idon Malam na faɗa masa gaskiya."

"To zan tsufa ke nan!"

"Ki tsufa mana, rabin raina. Mazarƙwaila ai ba ta lalacewa da wuri."

Ba shi ya faɗa wa Malam ba. Bilya ne ya yi masa wannan aikin.

Bilya shi ne mai tallata waƙoƙina, shi ke nemo mini wasanni. Sau biyu yana cewa yana sona, sau biyu ina ce masa ya yi haƙuri. Ya yi dariya ya ce ba komai. Ni kuma wawiya na yarda, na manta idan ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Ya ɗauki Ukasha a waya yana tsakiyar rera waƙa, ido a lumshe, ya watsa. Kafin a sauko daga masallacin Juma'a bidiyon ya zagaye Maƙarfi, har wani ya miƙa wa Malam a gaban ɗalibansa.

Kawuna Ja'afar ma bai bar ni ba. Ya ce, "Gidan malamai za ki shiga da wannan sana'ar? Ko a ƙafa aka ɗaura miki sai kin gudo."

Malam ya gindaya sharaɗi: Ukasha ya bar waƙa, ya dawo gonar rake shekara guda cur. Idan ya cika, a yi maganar aure.

"Kada ka yarda!" na ce, ina kuka. "Waƙa fa ita ce numfashinka!"

"Ke ce numfashina. Shekara ɗaya ce, kamar gobe."

Ranar da zai rufe situdiyon ya zaunar da ni a kujerarsa, ya shiga gaban makirfo shi kaɗai. Ya yi mini waƙar da ba ta kasuwa ba ce, ya tura mini a waya, ya goge ta daga kwamfutar.

"Wannan taki ce. Ranar da aka kai ki ɗakina za mu ji ta tare."

Wata goma ya yi. Hannunsa ya yi kanta, ya yi baƙi, ya rame, amma kullum bayan la'asar sai ya kira ni yana ƙirga kwanaki. Saura wata biyu, da hantsi, yana tattara ganyen rake, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Asibitin farko ba magani, na biyu ma haka.

Bai kai Zariya ba.

*

Kwana biyu da dawowata daga Maƙarfi, Bilya ya same ni a ɗakin kwalliya na gidan talabijin. Ya yi ta'aziyya da baki, idonsa yana kan wayata. Abin nema ya samu.

"Tauraruwa, na ji an ce akwai wata waƙa da marigayi ya bari."

"Wa ya ce?"

"Bango ma kunne gare shi. Ki ba ni ita. Mu yi mata bidiyo, ke da fararen kaya kina hawaye. Wallahi har Nijar da Ghana sai ta kai!"

"Bilya, ba ka tsoron Allah?"

"Don sunansa ya ɗore nake faɗa."

"Sunan da ka watsa a ƙofar masallaci?"

Ya gyara hula.

"Ki yi tunani. Ba shi, ba ni, me ya rage miki?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Amma ni tunanina ba a kan kasuwa yake ba. Tunanina a kan minti huɗu da ke cikin wayata yake. Kullum sai na kunna ta ya fi sau ashirin. Da ita nake cin abinci, da ita nake iya tashi. Hotonsa yana nan, amma hoto ba ya kiran sunanka.

Asabar ta zo, aka kunna fitilu, mai kyamara ya ɗaga mini yatsa. Shirin kai tsaye ne, abin da ya fita ya fita. Na ajiye takardar da aka rubuta mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Jama'a, yau ba baƙo a tabarmar nan. Muryar da kuke ji tare da tawa a waƙoƙi tara, ta Ukasha Hamisu ce, wanda za mu yi aure saura wata biyu. Allah Ya karɓi abinSa. Kafin ya cika ya bar wasiyya, ya ce a goge muryarsa."

Na ga mai shirya shirin yana yi mini alama da hannu in yanke. Ban kula shi ba.

"Ban ce waƙa haram ba ce, ban ce halal ba ce. Ni ba malama ba ce, malamai ma sun saɓa. Cewa na yi mai muryar ya roƙa. Don girman Allah, duk mai ita a waya, a mota, a shago... ya goge. Ni ma daga yau ba zan ƙara rera su ba."

Hawaye ya wanke kwalliyar da aka yi awa guda ana yi mini.

Ranar Litinin aka ce in je in huta tukuna, za a neme ni. Har yau ana nemana. Bilya ya janye wasannin da ya shirya mini, ya ɗauko wata yarinya ya ba ta kayana.

Mutane kuwa kowa da halinsa. Wata mai ƙosai a tashar Ikara ta miƙo mini wayarta tana kuka, ta ce in goge da hannuna. Taku goma daga nan, wani mai cajin waya ya ganni, ya ƙure sifika da muryar Ukasha yana dariya. A nan na gane ba ni da iko da wayoyin duniya. Na share kwamfutar Ukasha tas, na cire duk abin da zan iya cirewa daga intanet.

Guda ɗaya ce tak ke hannuna ni kaɗai. Ita ce kuma na kasa.

*

Ranar sadakar arba'in na koma Maƙarfi, wannan karon ba niƙabi. Malam yana zaure, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana jan carbi.

"Na ji abin da kika yi. Allah Ya yi miki albarka." Muryarsa ta karye. "Ni na tura shi gonar nan."

"Kwana ne ya ƙare, Malam."

Ban san lokacin da na faɗa ba, ni da na yi kwana arba'in ina riƙe da shi a zuciya.

Inna Mairo tana ɗaki ita kaɗai. Na zauna kusa da ƙafarta na ciro wayar.

"Inna, saura ɗaya. Ban iya ba. Na zo in yi a gabanki ko zan samu ƙarfi."

Ta kalli wayar kamar garwashi.

"Ni fa ban taɓa jin sa yana yi ba," ta ce a hankali. "Ko an kunna a gidan biki tashi nake." Ta leƙa ƙofa, ta gyara labule. "Sa mini... sau ɗaya."

Na kunna.

Tarinsa ya fara fitowa, sai dariyarsa, sai ya ce, "Mazarƙwaila, daina kuka mana, kina ɓata mini aiki." Sannan ya ɗauka:

*Rake ba ya ba da zaƙi sai an matsa,*
*Ni ma haƙuri ya matse ni, zo ki ɗanɗana...*

Inna ta dafe ƙirji da hannu biyu.

"Ukasha!" ta ce. "Ukashana!"

Shekara talatin da ɗaya, yau ta kira shi, ba ya kusa balle ya amsa.

Waƙar ta ƙare, ta ce in sake. Na sake. Ta ce in ƙara. Sau uku muka ji, kaina a kan gwiwarta, hawayenta yana ɗiga a kan hijabina. Da na ɗaga yatsa zan danna, ta riƙe mini hannu gam, daidai inda ta riƙe ni ranar farko.

"Bar ta, 'yar nan. Wannan ɗayar dai bar ta. Ni da ke ne kawai, ba wanda zai sani."

Wallahi zuciyata ta so. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so in ce to ba.

"Shi ya roƙa, Inna. A kan cinyarki."

Ta rufe ido. A hankali yatsunta suka saki.

Wayar ta tambaye ni ko na tabbata.

"Sai mun zo, Ɗan Malam," na ce. Na danna.

Shi ke nan. Minti huɗu, ko ƙara ba ta yi ba.

Da aka kira la'asar na yi mata sallama, ta tusa mini ƙullin mazarƙwaila a jaka, ta ce daga raken da ya sara ne, na ƙarshe.

Na sa takalmi, na kai bakin zaure, sai na tsaya cak.

Daga bayan labule wata tsohuwar murya ke fitowa ƙasa-ƙasa, tana rawa, tana kuskuren kari.

"Rake ba ya ba da zaƙi... sai an matsa..."

Ta tsaya, ta manta abin da ke gaba.

Na cire takalmina na koma ciki.