Muryar Malam Jatau

A wani zamani an yi wata tsohuwa mai kwamfuta. A ciki ta adana muryar marigayi mijinta, Malam Jatau, yana yi wa jikoki tatsuniya.

Wata rana jan rubutu ya fito: "Ƙwayar cuta ta shigo! Danna nan in tsare ki!"

Ta ce, "Ban san ka ba."

Washegari ya dawo. Ta ce, "Ban san ka ba."

Malam bai taɓa ɗaukar maigadi ba sai ya tambayi waɗanda suka san shi. Sai ta je wurin maƙwabciyarta.

"Wace manhaja ke gadin kwamfutarki?"

"Inna, tawa shekara biyar tana gadi, ba ta taɓa tsorata ni ba."

Irin wannan manhajar aka saka wa tsohuwar. Da la'asar ta kunna, Malam ya yi gyaran murya: "To, ku matso kusa."

Ta matso.