Jar Na'ura da Baƙar Na'ura

Wata yarinya a Kankia ta fi kowa iya Turanci a ajinsu. Ita ma ta san haka, har ta kan ɗaga kai.

Babanta yana da tsohuwar mota. Da ita yake kai fasinja Kusada, da ita ake cin abinci a gidan. Wata rana wata fitila ta kama a gaban sitiyari, motar ta fara shaƙewa. Baba ya ajiye ta.

Ya ce zai sayi ƙaramar na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ya miƙo wa yarinyar wayarsa.

"Ɗiyata, karanta mani. Wacce ta dace da mu, mai sauƙin kuɗi?"

Rubutun ya yi mata yawa. Ta ga wata ja mai ƙyalli, ta burge ta.

"Wannan, Baba."

"Kin karanta duka?"

"Na karanta," in ji ta. Alhali hoto kawai ta kalla.

Da na'urar ta iso, ta ƙi aiki. Ashe sai da irin wayar nan mai tsada. Mota ta ƙara kwana uku a ajiye. Yarinya ta ga Baba zaune a ƙofar gida, fasinja na wucewa. Kunya ta kama ta.

"Baba, ƙarya na yi. Ban karanta ba."

Baba ya ce, "Na ji daɗi da kika faɗa. Tashi mu je wurin Sodangi."

Sodangi ƙanin Baba ne, kuma makanike ne. Ya yi dariya.

"Malama mai Turanci, mi ya faru? Abu biyu za ki duba. Ta dace da shekarar motar? Tana aiki ba tare da waya ba?"

Sodangi ya san mai shagon da aka sayo ta, ya roƙa aka yarda a canza masu. A wannan karon yarinya ta bi layi-layi da yatsa. Ta zaɓi wata baƙa mara kyan gani, mai allon karatu a jikinta, kuma ta fi araha.

Aka jona ta. Lamba ta fito, yarinya ta karanta ma'anarta a hankali.

"Fulogi ne kawai," in ji Sodangi. Ya canza shi, mota ta tashi lafiya lau.

"Na gode, Baba Sodangi. Na gode, Baba, da ka sake ba ni wayar."

Washegari Baba ya cika mota da fasinjan Kusada. Tun daga ranar, yarinya ba ta cewa ta karanta sai ta kai ƙarshen rubutu.