Akwatin Amaryar Italiya

Wata bakwai da kai Jannatu gidan manyan attajirai a unguwar Zahir, ba ta leƙa mahaifiyarta a unguwar Hindawiyya ba. Kullum surukarta sai ta ce, "Bukra, 'yata, gobe."

Da magariba Jannatu ta kasa zama. Ta buɗe akwatin da ke ɗakinta, wanda aka ce na wata gimbiyar Italiya ne, shekara ɗari biyar baya, ta turara shi kamar kayan amarya. Hayaƙin bai tashi ba, ƙasa ya bi.

Sai ga mace a bakin gado cikin rigar karan-miski, katifar ko lotsawa ba ta yi ba.

"Yaushe za ki gida, ƙanwata?"

"Gobe."

"Ni ma gobe aka ce mini."

Da muryar Jannatu matar ta faɗa.