Aljanin da Ya Sauya Ɗaki a Gesse

Babu abin da ke motsi a Gesse ba tare da sanin Alhaji Riskuwa ba. Don haka da ya ji Nuriyya, marainiyar ƙanensa, ta kulle ɗaki tana kuka cikin wani yare, nan take ya gano aljani ne.

Gaskiyar ita ce, ƙungiyar su Nuriyya ta wasan kwaikwayo na shirya wani tsohon wasan Yidish, harshen Yahudawan Turai. An fassara komai ban da waƙar makokin uwa, kuma Nuriyya aka ba matsayin uwar. Hamida, 'yar Alhaji, ta san haka sarai, domin ita ma ta nema ba ta samu ba.

"Kawu, wasa na," in ji Nuriyya, hawaye na zuba. "Tambayi Hamida."

"Ni ban san komi ba, Baba," Hamida ta sunkuyar da kai. "Amma ko muryar ba tata ba ce."

Aka kai Nuriyya Argungu wurin Malam Hodi mai ruƙiyya. Aka karɓe wayarta, aka turara mata hayaƙi har muryarta ta dushe. In ta yi bayani a ce aljanin ya iya ƙarya, in ta yi shiru a ce ya yi taurin kai. Ba ta da abin faɗi sai, "Allah, kai ka gani..."

Hamida ta samu matsayin. Sai dai waƙar ba ta zama a baki sai an maimaita, ita ma ta kulle ɗaki.

Alhaji ya kasa kunne a bakin taga, ya girgiza kai. "Ya baro waccan, ya shigo ɗiyata."

Ita ma aka kai ta Argungu. Tun kafin garwashi ya kama sosai Hamida ta faɗi komai, har da abin da ba a tambaye ta ba. Malam Hodi ya ce duk da haka a ƙarasa hayaƙin, don a tabbata.

Aka sallami Nuriyya, ƙungiya ta mayar mata da matsayinta. Ranar wasan, dusasshiyar muryarta ta sa zauren duka kuka. Alhaji, a layin gaba, ya shaida wa na kusa da shi cewa shi ya fara gano baiwar yarinyar.

Washegari Hajiya Maryamu, matar Alhaji, ta kwance ragon da take kiwo don layya, ta sa aka kai wa Malam Hodi ta ƙofar baya, tukuicin hayaƙin da ya fito da gaskiya.